Daga Kano zuwa Dutse da Fadamar Jahun a Tsakiyar Hunturu

Hunturu a ƙasar Hausa yakan kama daga ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, sannan ya fara ja da baya a cikin Fabrairu, kuma a wannan tsakani ne busasshiyar iska mai kaɗowa daga arewa maso gabas take mamaye ƙasa, bayan iskar damina mai ɗauke da danshin teku ta koma kudu. Mafi yawan ƙurar da iskar take ɗaukowa tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda babban tafki ya taɓa kwantawa a zamanin da kafin ya ƙafe ya bar lallausar ƙasa, kuma wannan ƙurar ce ake kira hazo idan ta tsaya a sararin sama ta dushe rana. Dusar ƙanƙara, wato tururin gajimare da yake daskarewa ya sauko fari fat a ƙasashen sanyi, ba ta sauka a Jigawa, abin da manoma suka sani shi ne ƙanƙarar da kan biyo hadarin damina ta yayyaga ganyen gero da dawa. Duk da haka, wahalhalun da guguwar sanyi take jawo wa mutanen Kanada ko Rasha, na rashin ganin hanya da neman ɗumi da tsare lafiya, suna da takwarorinsu a tsakiyar Jigawa, sai dai wanda yake ɗaukar nauyinsu ne ya bambanta.

Matafiyan da wannan bayani ya shafa malamai ne mazauna Kano waɗanda wani taro ya kai su Dutse a watan Janairu, kuma a cikinsu akwai wanda ya yi karatu mai zurfi a birnin Montreal na lardin Kebek, wanda daga bakinsa ne aka samo kwatancin ƙasar sanyi da za a riƙa kawowa. Shatar mota suka ɗauka, wato hayar mota sukutum da direbanta, kuma ciniki ya ja lokaci domin direban ya kafa hujja da kuɗin mai: litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta wuce naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. An shirya tashi bayan sallar asuba, amma direban ya ƙi ɗagawa sai da hantsi ya dubi ludayi, yana mai cewa a irin wannan safiya mutum bai hango tirelar da ta lalace a gefen titi sai ya zo gab da ita. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, takan yi gargaɗi a irin waɗannan ranaku cewa nisan da ido zai iya hangowa zai gaza mita 1,000, kuma Kano ba ta manta da ranar 22 ga Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu.

Tsakanin Kano da Dutse kilomita 100 ne da 'yan kai, a kan tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006. Daga Mariri zuwa Wudil motoci suna tafe da fitilu a kunne duk da rana ta fito, 'yan acaɓa sun naɗe fuska da rawani ko ƙyalle ba a ganin komai sai idanu, gonaki kuma an gama girbe su, ba abin da ya rage sai tarin karan dawa a kan itatuwa da shanun Fulani masu kiwon tattaka. A kan gadar Wudil, inda aka saba hango masu jidar yashi da kwale-kwale can nesa, wannan karon gaɓar kogin kaɗai ake gani. A nan malamin Montreal ya fara kwatancinsa. Ya ce a can idan aka yi hasashen guguwar dusar ƙanƙara, hukumar birni takan fito da motocin da ke ture ta gefe da waɗanda ke watsa gishiri a kan titi, domin gishiri yana hana ruwa daskarewa da wuri, ko da yake idan sanyi ya tsananta ainun gishirin bai yin aiki sai a koma ga yashi da tsakuwa. Dokar Kebek ta wajabta wa masu mota sanya tayoyin sanyi, masu taushin roba da zurfin zane, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Hazo kuwa ba a ture shi, ba a narkar da shi, don haka maganinsa a kan hanya bai wuce rage gudu da kunna fitila da haƙuri ba, kuma duk ukun a hannun direba suke.

A Gaya aka tsaya karin kumallo a teburin mai shayi, wanda a wannan watan ya fi kowa kasuwa, tun da shi kaɗai ne yake da wuta da ruwan zafi a bakin titi tun kafin fitowar rana. Gaisuwar da ake yi a wurin ita ce "Ina ɗari?", a amsa da "Lokacinsa ne", kuma ɗari a nan shi ne busasshen sanyi mai fasa leɓe da diddige, wanda idan ya zo da kaɗawar iska mai ratsa jiki ake ce masa jaura. Kofin shayi da madara da burodi ya yi tsadar da leburori da yawa suka koma wajen mai koko da ƙosai, wadda layinta ya fi tsawo.

Dutse ta zama babban birnin jiha ne a ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, kuma har yanzu ana gane garin kashi biyu ne: tsohon gari na Garu, inda fadar sarki take a tsakanin duwatsu, da sabon gari mai faɗin tituna da sakatariya da gidajen ma'aikata, wanda aka gina da yawa daga cikinsa a mulkin Gwamna Sule Lamido tsakanin 2007 da 2015, har da filin jirgin saman da aka buɗe a 2014. Taron da ya kawo malaman, a Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, an yi shi an gama kafin la'asar. Abin da ya fi jan hankalin ɗan Kano a Dutse shi ne sarari da rashin cunkoso, amma wannan sararin ne kuma yake ba iska damar kaɗawa ba abin da ya tare ta, saɓanin lungunan cikin birnin Kano inda gidaje suke kare juna. Da magariba ta yi sai tituna suka fara yin fayau, masu tsire da balangu suka ja tukubarsu jikin bango, jama'a kuma suka kewaye su, rabinsu ba saye suka zo yi ba, ɗumi suka zo ji.

Masaukin da aka sauka ya fi na Kano sauƙin kuɗi, kuma ma'aikatansa suna da fara'a, sai dai ginin ya nuna sarai lokacin da aka yi shi dominsa. Akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ƙasa an shimfiɗa mata tayil mai sanyi, tagogi an yi su yadda iska za ta ratsa, abin rufa kuwa zanen gado ne marar kauri, bargo sai an roƙa, ruwan wanka mai zafi kuma a bokiti ake kawowa daga madafa. Wannan shi ne tushen al'amarin gaba ɗaya. A ma'aunin Salshiyos, daren Janairu a wannan yanki yakan sauko zuwa wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da 10, abin da mutumin Montreal zai ɗauka yanayi mai daɗi, tun da can yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Amma gidan can an cusa wa bangonsa abin riƙe zafi, gilashin tagarsa ninki biyu ne, kuma ana ɗumama shi da lantarki dare da rana, ta yadda mai gidan yake kwana cikin digiri 20 ko fiye, alhali mai kwana a ɗakin bulo da rufin kwano a Jigawa kusan sanyin waje yake kwana a ciki. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, shi ya sa yake tserewa sama da zarar rana ta faɗi, kwano kuma shi ne abu na farko da yake saki. Malamin ya tabbatar wa abokan tafiyarsa cewa bai taɓa jin sanyi a kan gado a Kanada kamar yadda ya ji a wannan dare ba, kuma babu dalilin ƙaryata shi.

Washegari aka bi ta kasuwar Shuwarin, wadda take kan hanyar Kiyawa kuma tana cikin manyan kasuwannin mako na jihar. Hatsi da riɗi da zoɓo da dabino su ne ginshiƙinta, kuma ba abin mamaki ba ne ganin dabino, domin Dutse ce cibiyar binciken dabino ta ƙasa, amma a wannan watan layin 'yan gwanjo ne ya fi cika. Gwanjo tufafi ne da aka riga aka sa a Turai da Amurka da Asiya, ake ɗaurowa dila-dila, kuma a cikinsa ne ake samun rigunan sanyi masu kauri da aka ɗinka domin dusar ƙanƙara, waɗanda suke ƙarewa a jikin ɗan acaɓa a Kiyawa, an ɗora su a kan kaftani. Faɗuwar darajar naira ta sa gwanjon ma ya tashi daga zama kayan talaka, har uwa takan ɗaga rigar yaro ta juya ta, ta ji kuɗin, ta ajiye ta ɗauki hular sanyi da safa kawai. Kusa da su akwai masu man kaɗanya da basilin, maganin kaushi da faso, da masu gawayi waɗanda suke ƙara kuɗin buhu da zarar sanyi ya kama, sai masu rake da dankalin Hausa waɗanda kakarsu ke nan.

Daga Kiyawa hanya ta karkata arewa zuwa Jahun, ta ratsa ƙasar rairayi mai tudu da gangare, inda iska take kwaso yashi tana zubawa a gefen kwalta. A ƙauyukan da aka wuce ana ganin dattawa a jere jikin bangon gabas suna shan hantsi, da toka a ƙofar makarantun allo inda almajirai suka hura wutar kara domin karatun dare da na asuba, wutar da take ba su haske da ɗumi a lokaci guda. Waɗannan yara, da 'yan ci-rani masu kwana a tashoshi da rumfunan kasuwa, su ne hunturu ya fi gallaba. A Montreal akan buɗe wuraren fakewa na musamman ga marasa muhalli idan sanyi ya kai wani mizani. A nan zauren malami da soron mai unguwa da barandar masallaci su ne suke yin wannan aiki, gwargwadon ƙarfin mai su. Jahun kanta an san ta da babban asibitinta, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take kula da masu haihuwa da masu lalurar yoyon fitsari tun 2008. Cututtukan wannan lokaci kuwa sanannu ne: mura da tari da ciwon ido da haɓo, da limoniya a wajen ƙananan yara, da tashin asma, da ciwon ƙashi ga masu amosanin jini, sannan idan zafi ya fara shigowa ƙura ba ta kwanta ba sai sanƙarau ya biyo baya, kamar yadda ya yi wa Jigawa ɓarna a 2023.

Masaukin dare na biyu wani ƙauye ne a bakin fadama ta wajen Miga, kusa da Jahun, a gidan wani manomi ɗan'uwan ɗaya daga cikin malaman. Maigidan ya kwashe kayansa daga turakarsa ya bar wa baƙi, ya koma zaure da samarinsa, kuma da aka nemi a hana shi sai ya ce baƙonka annabinka, maganar ta ƙare a nan. Ɗakin ginin ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara, kuma ya fi masaukin Dutse ɗumi nesa ba kusa ba, domin ƙasa tana shan zafin rana a hankali ta riƙa sakinsa cikin dare. Abin takaici ne cewa wannan fasaha ita ce ake gudu yanzu, kowa ya samu kuɗi sai ya rushe soro ya ɗora kwano, ya sha zafi a bazara ya sha sanyi a hunturu. An kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu da busasshen kifi, da safe kuma kunun tsamiya mai zafi da ruwan alwala da aka ɗumama tun kafin kiran salla, aikin da matan gida suke tashi su yi cikin duhu ba tare da baƙo ya ko gan su ba.

Bayan isha'i wani yaro ya shigo da kaskon garwashi ya ajiye a tsakar ɗaki, kuma a kansa aka yi doguwar magana. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya yi barcin da ba ya tashi. Malamin Montreal ya ce wannan haɗari bai bar ƙasashe masu arziki ba, domin a guguwar sanyin da ta auka wa jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021, lantarki ya ɗauke wa miliyoyin mutane, hukumomi suka ƙidaya mutum 246 da suka rasu, a cikinsu har da waɗanda suka kunna janareta ko gawayi ko mota a rufaffen wuri don neman ɗumi. Ya kuma ba da labarin Janairun 1998 a Kebek, lokacin da aka yi kwanaki ana ruwan da yake daskarewa da zarar ya taɓa abu, wanda ya bambanta da tsattsafin ƙanƙara mai daskarewa tun a sama ya zubo ƙwaya-ƙwaya. Nauyin ƙanƙarar ya karya manyan turakun lantarki, wasu garuruwa suka yi makonni cikin duhu. Maigidan ya ce su ma sun san kasko yana kisa, shi ya sa ba a shigo da shi sai gawayi ya gama ruruwa ya zama ja, kuma ana fitar da shi kafin a kwanta, amma ya yarda cewa ba kowane gida ne yake kiyayewa ba, kuma gobarar hunturu, wadda iska da busasshen kara suke ruruta ta, ta fi hayaƙin cin dukiya a yankinsu.

Da hantsi aka sauka fadama, kuma a nan ne aka ga dalilin da ya sa manomi bai zagin sanyi. Alkama ba ta yi sai da sanyin dare, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba domin ta yi ƙwaya kafin zafin Maris, wanda ya makara kuwa zangarniyarsa takan fito ba nauyi. Jigawa tana sahun gaba wajen noman alkama a Nijeriya, kuma a yankin Haɗejiya ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Nuwamban 2023. Ruwan kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa suke sarrafawa tun daga jihar Kano, da rijiyoyin da ake haƙawa a fadama, su ne suke shayar da ita, tare da tumatir da albasa da attaruhu. Babban kukan manoman shi ne man injin ban-ruwa, wanda ya sa masu hali suka koma ga injin mai aiki da hasken rana ko da iskar gas, ko da yake hazo yana rage ƙarfin farantan sola, sai an riƙa goge su. Maigidan ya dubi malamin ya ce, "Malam, to su can idan ƙanƙarar ta binne gonaki, me suke nomawa?" Aka ba shi amsa cewa akwai irin alkamar da ake shukawa kafin sanyi, ta tsiro, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta kamar bargo ta kare saiwarta daga daskarewa, sannan ta narke ta shayar da ita, kuma daga irin waɗannan ƙasashe, Kanada da Rasha da makamantansu, Nijeriya take sayo mafi yawan alkamar da ake yin burodi da taliya. Maigidan ya jinjina kai ya ce ashe nasu sanyin har ban-ruwa yake yi musu kyauta.

Da za a tashi, maigidan ya ƙi karɓar ko sisi, abin da aka samu aka yi shi ne miƙa wa yara ɗan alheri a cikin gida, shi kuma ya sa aka cika bayan mota da kwandon tumatir da albasa da kaza biyu. Hanyar komowa ta bi ta Gujungu, babbar mahaɗar da take haɗa hanyoyin Gumel da Haɗejiya da Kano, sannan Ringim, hedikwatar ɗaya daga cikin masarautu biyar na jihar, wadda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930. Hazo ya sake saukowa bayan la'asar, direban ya rage gudu ya bi bayan wata motar kaya har Gezawa, yana mita a kan masu amalanke da 'yan keke da ba su da ko ƙyallen da zai nuna su a duhu. A kasuwar 'Yankaba, inda motocin kayan gwari daga Jigawa suke sauke kaya a bakin shiga Kano, malaman suka tsaya suka tambayi kuɗin kwandon tumatir irin wanda aka ba su, suka tarar ya yi wa na bakin fadama nisa ƙwarai, kuma dillalan suka ce kuɗin mota da na lodi da asarar wanda ya ruɓe a hanya ne suka haddasa bambancin.